F30.3: kafin ka rubuta ta a rajista, duba wane littafi ne a hannunka

Wannan bayani na 'yan uwa ne masu cika dosiye da rajista a asibitocinmu na Damagaram, musamman 'yan istaji, saboda abin da ake yawan yi yanzu shi ne mutum ya ɗauko waya ya buga sunan ciwo a Google, lambar da ta fara fitowa ita zai kwafa. To a ciwon mani, wato zumuɗin nan mai tsanani da ke hana mutum barci ya sa shi surutu ba tsayawa yana rabon kuɗinsa yana jin babu kamarsa, in ka nemi lambar wanda ya samu sauƙi amma bai warke sarai ba, F30.3 za ta fito maka. Lambar gaskiya ce, amma ta littafin lambobin cututtuka na Amurka ce, ICD-10-CM, wanda suka fara aiki da shi 1 ga Oktoba 2015. A CIM-10, wato littafin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS), babu ita sam. Abin da ke ciki F30.0 ƙaramin zumuɗi, F30.1 mani ba tare da ruɗewar tunani ba, F30.2 mani da ruɗewa ko jin muryoyi, sai F30.8 da F30.9. Don haka aikin farko ka tambayi majo wane littafi ne gidan ke bi.

Bayan nan sai tambayar da ta fi kowace nauyi, wannan ne karo na farko ko ya taɓa yi? Duk rukunin F30 na wanda abin ya same shi sau ɗaya ne tak. In ya taɓa yin mani a baya, ko ya taɓa faɗawa ciwon damuwa mai tsanani ya daina magana ya daina cin abinci, to ya bar F30 ya koma F31, bipolar, wato ciwon da mani ke dawowa ko yake sauyawa da damuwa. Kuma wannan labarin da wuya ka same shi a bakin maras lafiya, wajen 'yan rakiya yake. Za ka ga tsohuwa zaune a gefen gado da kwanon fura tana cewa ai, lokotoro, bai taɓa yin haka ba, amma in aka bi ta a hankali aka ce Inna, babu shekarar da ya yi kwana da kwanaki ba barci har aka kai shi wajen malam? sai ta ce af, an yi haka bayan aurensa amma iskoki ne. Wannan maganar kaɗai tana canza lamba, shi ya sa nake so a riƙa rubuta ta a dosiye yadda aka faɗe ta. A tambayi zancen tramol da wiwi ma, don in ƙwaya ce ta tayar da abin lambarsa tana rukunin F10 zuwa F19, in kuma wani ciwo ne ya taɓa ƙwaƙwalwa F06.3 ce.

Sai mu zo kan sauƙin da bai cika ba. A ma'aunin DSM-5, littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, hanya biyu ce, ko dai alamun suna nan amma sun ragu ba su kai a kira su cikakken mani ba, misali ya fara barci amma har yanzu bakinsa ba ya hutawa kuma abu kaɗan ya hasala, ko kuma alamun sun tafi amma ba a cika wata 2 ba tukuna. Sai an yi wata 2 cur babu wata alama ta a zo a gani ake cewa sauƙi ya cika. Kai mai sa lamba ba kai ke yanke wannan ba, lokotoro ne. In bai rubuta ba, koma ka tambaye shi ko da zai ɓata rai, kar ka ƙiyasta don ka ga mutum ya gaishe ka lafiya lau.

In littafin Amurka kake bi, kamar masu aiki da wasu ƙungiyoyi ko masu bincike, karo na farko F30.3 ce, in sauƙi ya cika F30.4, in bipolar ne, na ƙarshe mani ne, kuma sauƙi bai cika ba F31.73. A CIM-11, sabon littafin OMS da ya fara aiki 1 ga Janairu 2022, mani sau ɗaya ma ya isa a kira shi bipolar nau'i na 1, lambar wanda sauƙinsa bai cika ba kuma 6A60.B.

Matsalar tana wajen mai CIM-10. Akwai F31.7, amma ita ta wanda ya yi watanni babu wata alamar ciwon ce, kuma wallahi ba na son ganin an liƙa ta ga wanda aka sallama makon jiya. Shawarata, ka sa lambar da lokotoro ya tabbatar, sannan ka rubuta "rémission partielle", wato sauƙin da bai cika ba, da kalmomi a gefe, da ranar da alamun suka fara raguwa. Ma'aikacin ƙaramin asibiti (CSI) da karnen zai je hannunsa a Mirriah ko Magaria, in ya ga alamar an warke zai iya sassauta bibiya, dangi kuma daman jira suke su ajiye magani, alhali a wannan tsakanin ne ciwon ke saurin dawowa. A ƙasan karne ka sa ranar dawowa da sunan maganin da yake sha, da manyan baƙaƙe.