Yadda na gyara ƙyauren kabad ya fito kamar marmara

An yi wa ƙyauren kabad ɗin fenti don ya yi kama da dutsen marmara, amma bai fito ba. Matsalar biyu ce: farin fentin ya koma rawaya bayan an shafa banish, jijiyoyin dutsen kuma, wato layukan da ake zanawa irin na jikin marmara, sun miƙe zar, kowa ya gani ya san hannu ne ya ja su.

Rawayar daga banish mai mai take, shi haka yake yi wa farin fenti. Na kankare shi da samfefa lamba 120, na bi da 220, na share garin da tsumma mai laima, na sake shimfiɗa farin fenti na ruwa sau biyu.

Jijiyoyin ne suka ci lokaci. Na ajiye buroshi, na samo gashin fiffiken zabo wajen masu kaji a babbar kasuwar Maradi. Na tsinka fenti mai launin toka da ruwa, na tsoma bakin gashin kaɗan, ina ja a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, hannu na ɗan rawa, ina murza shi tsakanin yatsu. Nan layi ya yi kauri, can ya sirance har ya ɓace. Tun bai bushe ba na dandanna soso a kai, gefensa ya dushe. Kada a cika su; masu ƙyaure kan ce a ƙara, ni dai ba na ƙarawa.

Sai ƙura, wadda lokacin hunturu ba ta da magani sai dabara: na yayyafa wa daɓe ruwa, na rufe taga, na yi aikin bayan asuba. Banish na ruwa shafi uku, ana goga samfefa lamba 400 a tsakani.