Ga Masu Son Komawa Kan Crisis Core a PSP

'Yan uwa, masu tambaya ko wasan Crisis Core: Final Fantasy VII na PSP, na'urar wasa ta hannu, ya tsufa, wallahi har yanzu da sauransa. Square Enix ne suka fitar da shi a Jafan a 2007, amma faɗan Zack, jarumin wasan, bai gundura ba. Ƙananan ayyukan gefe ne daɗinsa, kafin motar trotro ta kai ka Circle daga Nima a Accra ka gama ɗaya ko biyu. Kada ku tsallake su, can ake samun Materia masu ƙarfi, wato duwatsun da ke ba da sihiri da dabarun faɗa, ku kuma riƙa haɗa biyu su ba ku sabuwa.

Inda yake cin rai shi ne DMW, lambobin nan masu juyawa kamar na caca, suna katse faɗa ana tsaka da shi. Bidiyon labarin ma ba ya tsallakuwa, don haka ku adana wasa kafin kowane babban abokin gaba. Wanda ba shi da haƙuri ya nemi sabon bugun wasan, Reunion na 2022.

In tsohuwar PSP za ka saya a Circle, buɗe murfin batir tukuna. Ka ga ya kumbura yana tura murfin, a canza shi ko a rage kuɗi. Gwada ɗan maɓallin motsin ma, kada Zack ya riƙa tafiya shi kaɗai.