Kaya sun iso ba irin na hoto ba: yadda ake raba rigimar saye da sayarwa a waya

Duk mai saida kaya a WhatsApp ko Instagram ta san saƙon nan da ke shigowa da daddare, "Hajiya wannan fa ba shi na zaɓa ba", sai hoto ya biyo baya, sai gabanki ya faɗi. Ni ina saro atamfa da leshi da abaya a Kantin Kwari ina turawa garuruwa, kuma nima ina sayen kaya wajen wasu, to an turo min saƙon nan nima na tura ma wasu, shi yasa nace bari in rubuta abin da na koya, dan wlh yawancin rigimar tun kafin a tura kuɗi ake shuka ta, ranar da kaya suka iso girbi kawai ake yi.

Abu na farko a gane wace irin matsala ce, dan mutane na haɗa su waje ɗaya su yi ta hayaniya. Akwai aibi, leshi ya zo da huji ko zif ɗin jaka ya mutu. Akwai saɓanin siffa, an ce Super ce sai ga roba, an ce turmi cikakke yadi shida sai kika auna kika ga biyar da rabi. Akwai ɓarnar hanya, kaya sun fita lafiya amma an ɗora musu jarkar manja a but. Sannan akwai na huɗun da ba a son faɗa, wato kawai ya fita ranki, ko ƙawarki ta gani ta ce bai yi ba. Biyun farko haƙƙin mai saye ne a canza mata ko a maida mata kuɗinta. Na ukun sai an duba me aka yi magana a kai. Na huɗun kuwa alfarma kike nema, to ki nema da muryar neman alfarma.

Kuma wannan ba wai sabon abu bane da intanet ta kawo. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayen abin da baka gani ba in an siffanta maka shi, amma in ya zo ya saɓa ma siffar kana da zaɓi, haka in ka ga aibin da aka ɓoye maka. Kowa ya san hadisin da Annabi SAW ya sa hannu cikin tulin abinci ya ji jiƙa a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. To hoton da aka ɗauka daga ɓangaren da tabo baya fitowa, ai shi ne busasshen da aka rufa a sama.

Yanzu ke mai saye, kafin ki yi taransifa. Ki ce a miki bidiyon ainihin wanda za'a turo miki, a waje, da rana, ba hoton katalog ba, dan fitilar shago da filta suna maida ruwan toka ya koma kamar sararin samaniya. Ki yi tambayoyinki a rubuce, yadi nawa ne, yana zuba, akwai wani tabo, sayis nawa, in bai min ba ana canzawa, cikin kwana nawa, wa zai biya kuɗin mota na dawowa. Wannan ta ƙarshen ita ake mantawa kuma a kanta aka fi ɓatawa. In ta amsa da muryar WhatsApp ki sake rubutawa "wato kin ce yadi shida ne kuma baya zuba ko", ta ce eh, ki yi sikirinshot nan take, dan ana goge saƙo, wasu ma sun kunna wanda ke ɓacewa da kansa. Ki duba sunan da ya fito a akawun, in sunan wani daban ne ki tambaya, ba laifi bane, da yawa na mijinsu ko ƙaninsu suke amfani da shi, amma a faɗa miki a rubuce.

Sayen waya kuma nashi daban ne, nan ne maza suka fi shan wahala. Kalmar "Landan yus", wato wayar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje, bata nufin komai yanzu, kowa faɗa yake, har wadda aka gyara jiya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Malam in iPhone ce ka ce a nuna maka lafiyar batir a bidiyo, a nuna an cire iCloud ɗin tsohon mai ita, a gwada Face ID a gabanka, a faɗa maka ko an taɓa canza sikirin. Kowace irin waya ce a danna *#06# a turo maka lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka ajiye, in ta iso ka sake dannawa ka gwada. Wannan lambar tana kare ku duka biyu, dan akwai masu turo wata wayar daban, akwai kuma masu saye da ke maido da tasu tsohuwa su ce ita aka turo musu. Sannan ku yanke kwanakin gwaji, uku ne ko bakwai, a rubuta.

Mu masu sayarwa kuma, 'yan uwa mu daina jin tsoron faɗin aibi. In akwai ɗan zare da ya ja ki nuna ki rage ɗan wani abu, wadda zata saya zata saya. Ni yanzu duk kayan da zan tura sai na yi bidiyo ina warwarewa, ina aunawa da tef, ina ninkewa, ina sawa a leda ina rubuta sunanta a jiki, minti ɗaya ne, in tura mata kafin ya bar gida. Tunda na fara haka maganar "ba shi bane" ta ragu sosai.

Sai tasha. Yawancinmu direba muke ba ko ɗan kamasho, ba kamfani ba, to a ɗauki hoton kunshin a tasha, a karɓi lambar direba da lambar mota, in ana bada rasit a karɓa, a tura ma mai saye. Abu mai fashewa kamar turare ko kayan kicin na tangaran, ku yi magana tun farko in ya fashe a hanya asarar wa ce. A ganina in mai sayarwa ce ta yi sakaci wajen ɗauri ita zata ɗauka, in kuma mai saye ce ta kawo direbanta ta ce a bashi, daga nan ya fita hannun mai sayarwa.

Toh kaya sun iso. Kar ki yage leda da murna. Ki ba wani ya riƙe waya, a fara bidiyo tun ledar na rufe, a nuna sunanki, a buɗe, a warware, kar a tsaya a tsakiya, dan bidiyon da aka yanke kowa zai iya cewa an yi wani abu a wajen yankan. In kin ga matsala ki faɗa ranar, ba bayan sati biyu ba. Kuma dan Allah kar ki wanke, kar ki sa, kar ki cire tambari, kar ki kai wa tela. In almakashi ya shiga atamfa magana ta ƙare, ba mai karɓa, ni ma bazan karɓa ba. In zuba kike tsoro ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a ɗan gefen, zaki gani.

Saƙon farko shi ke sa a shirya ko a ɓata. Sallama, ga abin da muka yi magana, ga sikirinshot, ga abin da ya zo, ga bidiyo, sannan ki faɗi abin da kike so ƙarara, canji ne, ko ragi ki riƙe kayan, ko a maida kuɗi. Kar ki fara da "macuciya", in kin fara da zagi kin bata hujjar yin bulok. Sau da yawa ragi ya fi sauƙi, musamman in daga Kano zuwa Yola ko Fatakwal ne, kuɗin motar zuwa da dawowa kaɗai zai iya cinye ribar gaba ɗaya. In kuma maidowa za'a yi sai a zo kan tambayar wa zai fara saki, ita tana tsoron ta tura kuɗi kaya basu dawo ba, ke kina tsoron ki tura kaya a rufe waya. Abin da na ga yana aiki, a samu wani da kowa ya yarda da shi a garin mai sayarwa, ɗan uwanki ko ƙawa, a tura masa kayan, ya kai hannu da hannu a duba a gabansa a yi taransifa a nan. Ko a biya rabi in an nuna rasit ɗin tasha, rabi in ya iso.

Wannan rubutun da muke sawa a sitatus, "ba a canji ba a maida kuɗi", yana aiki ne kan wadda ta canza ra'ayi kawai. Akwai dokar kare masu saye ta 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC, kuma hukumar ta sha faɗa cewa irin wannan rubutun baya soke haƙƙin mutum in kaya na da aibi ko ba su ne aka siffanta ba, ana iya kai mata ƙorafi ta shafinta. Kano kuma tana da kotun ƙananan bashi tun 2019, wadda mutum zai iya zuwa ba sai da lauya ba. Amma gaskiya kafin a kai nan, in mai kayan na da shago a kasuwa, shugabannin layinsu ko ƙungiyarsu sun fi saurin sasantawa, dan ba ɗan kasuwar da ke so a kira shi ofis. Wasu kuma Hisba suke kaiwa a yi sulhu.

Abu ɗaya da mutane ke ruɗuwa a kai, banki baya dawo miki da kuɗin da kika tura da hannunki dan kawai kalar leshi bata miki ba, ko OPay ne ko Moniepoint ko babban banki. In damfara ce zalla, an karɓi kuɗi an yi bulok ba kaya, wannan ki kai rahoto banki da 'yan sanda da gaggawa. Kuma a san inda aka yi cinikin, in a Jumia ne suna da tsarin maido da kaya a cikin manhajar kuma akwai wa'adi, to a duba kar ya wuce. Jiji kuwa haɗa ku kawai suke, kuɗin baya bi ta hannunsu, su da kansu suna gargaɗi kar a biya kafin a ga kaya.

Tona asiri a Facebook ko TikTok ki barshi ya zama na ƙarshe, in ma zakiyi ki tsaya kan abin da kike da shaidarsa, kar ki ƙara gishiri, kar ki sa hoton 'ya'yanta ko adireshin gidanta, dan sai ki tashi daga mai ƙara ki koma wadda ake ƙara kan ɓata suna.

Masu saye ma fa akwai naku. Wata ta taɓa sayen abaya a wajena ana jibi bikin 'yar uwarta, bayan kwana huɗu ta ce ta mata yawa zata maido, na ce to ta turo in gani. Da ta iso tambarin na nan an maƙala shi da fil, amma ina buɗe ledar, humra ta buge ni, ga hoda a wuya. Ban yi faɗa ba, na yi bidiyo na tura mata haɗe da wanda na yi ranar da zan tura, na ce Yaya kiyi haƙuri wannan an sa, bazan iya saida ma wata a matsayin sabuwa ba, ko in maido miki kayanki ki biya mota, ko in saida ta a rahusa in baki abin da aka samu. Ta yi shiru kwana biyu, sannan ta ce in saida.