Yadda za ka fara kaɗa dalsima in sabuwa ce a hannunka

Toh, in dai dalsima ta shigo hannunka, wato abin kiɗa mai tsirkiya irin wadda mutanen duwatsun Appalachia na Amurka suke kaɗawa tun farkon shekarun 1800, abu na farko shi ne kar ka rungume ta kamar gita. A cinya ake kwantar da ita. Ka samu kujera mara hannu, ka ɗan buɗe ƙafafu, ɓangaren da maɗauran tsirkiya suke ya koma hagunka. Tana da santsi sosai, ni ranar farko sai zamewa take ta yi, sai da na shimfiɗa ɗan ƙyallen fata a cinya sannan ta zauna.

Sai saiti, kuma nan ne ya kamata ka ba lokaci. Tsirkiya uku ce ko huɗu, in huɗu ce to biyun da ke kusa da kai tagwaye ne, murya ɗaya suke yi, ka ɗauke su a matsayin guda. Yawancin mutane yanzu DAD suke saitawa, haruffan nan sunayen muryoyin tsirkiyoyin ne: mai kaurin nan ta can nesa da kai D, ta tsakiya A, ta kusa da kai D ta sama. Ka sauke manhajar saiti a waya ka fara da mai kaurin, in ta zauna sai ka danne ta a gaɓa ta 4 (gaɓoɓi su ne ƙananan ƙarafan da aka gitta a ƙarƙashin tsirkiyoyin), muryar da ta fito ita ce ta tsakiya za ta yi, ka danne a ta 7 ka samu ta kusa da kai. A hankali za ka riƙa murɗawa don Allah, kana murɗawa kana taɓa tsirkiyar kana saurare, ni garaje ya sa na tsinka siririyar. Kuma sabuwar tsirkiya tana saki, kwana biyu uku za ka yi ta maimaita saitin, ba lalacewa ta yi ba.

In ka duba gaɓoɓin za ka ga tazararsu ba ɗaya ba ce, wata faɗi wata matse. Da gangan ne, do re mi kawai aka jera, shi ya sa da wuya ka danna wurin da zai yi wa kunne ciwo. Na zamani suna da ƙarin gaɓa tsakanin ta 6 da ta 7, ana ce mata shida da rabi, kuma a DAD ita za ka taka ka tsallake ta 6.

Yanzu ka danne ta kusa da kai kaɗai, da yatsa ko da ɗan gajeren sanda mai santsi, hannun dama kuma ya share dukkan tsirkiyoyin tare, gaba da baya. Sauran biyun ka ƙyale su su yi ta gunji a ƙasa, wannan gunjin shi ne daɗin abin gaba ɗaya. Da gashin dinya ake sharewa a da, haka marigayiya Jean Ritchie 'yar Kentucky da ta fito da kayan nan idon duniya take yi, amma ɗan roban gita ma ya wadatar. Ka zame sandan daga gaɓa ta 1 zuwa ta 7 ka dawo ba tare da ka ɗaga shi ba, za ka ji wani ɗan fito yana bin sa. Ka yi ta yin haka minti 15 kullum na sati guda kafin ka nemi waƙar da za ka koya.