Gigin tsufa da maganar gado: kurakuran da aka fi yi

Tun ranar da kakata ta kalli mahaifiyata, 'yar da ta haifa da cikinta, ta ce mata "baiwar Allah daga ina kike?" na fara bin diddigin ciwon nan, kuma na lura kusan wuri ɗaya duk muke tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce ai tsufa ne kawai. Wallahi ba haka ba ne. Ka manta inda ka aje makulli wannan kowa na yi, amma makullin na hannunka kana jujjuya shi ka rasa me ake yi da shi, toh wannan ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari kuma cutar Alzheimer ce. A kai mutum asibiti da wuri, don ƙarancin bitamin B12 ko matsalar tayirod (wata gaɓa da ke gaban wuya) ko ciwon damuwa duk suna iya kama da shi, kuma waɗannan suna da magani.

Sai maganar gado, nan ne na ga mutane sun fi shiga tashin hankali, ni ma na shiga. "Tunda ya kama babata ni ma shikenan." Abu biyu ake haɗawa a nan. Akwai nau'in Alzheimer da ke bin jini kai tsaye, daga canji a ƙwayoyin gado uku, APP da PSEN1 da PSEN2, shi yakan kama mutum tun yana ɗan shekara arba'in ko hamsin, kuma bai kai kashi 1 cikin ɗari na masu cutar ba. Wanda ke zuwa bayan shekara 65 labarinsa daban. A nan ƙwayar gadon da aka fi sani ita ce APOE, tana da iri uku, e2 da e3 da e4, kowa ya ɗauko ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A 1993 ne masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka nuna cewa e4 na ƙara haɗari, mai guda ɗaya kamar ninki uku, mai biyu ya kan kai ninki goma ko kusa da haka. Amma ƙarin haɗari ne, ba hukunci aka yanke ba, da yawa suna ɗauke da e4 sun tsufa tukuf da hankalinsu garau, wasu kuma ba su da ita sam ciwon ya kama su, har ma ƙarfinta ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Saboda haka kar ka yi gaggawar sayen gwaji a intanet ka zauna kai kaɗai kana fassara sakamakon. Inda gwajin ke da amfani sosai shi ne in likita zai ba da irin maganin Alzheimer ɗin nan lecanemab, don masu e4 biyu sun fi fuskantar kumburi da ɗan zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Wani kuskuren, wanda har masu karatu ke yi, shi ne a ɗauka duk labarin na ƙwayoyin jijiya ne, su masu aika saƙo. Alhali ƙwaƙwalwa na da wasu ƙwayoyin masu yi musu hidima. Astirosait su ne suka fi samar da furotin ɗin APOE, da shi suke kai wa jijiyoyi kitse da kolestarol don gyaran jikinsu. Maikurogiliya kuma su ne 'yan shara kuma masu gadi, suna zagayawa suna kwashe matattun ƙwayoyi da dunƙulen furotin amiloid, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai Alzheimer. In sharar ta fi ƙarfinsu, ko suka harzuƙa suka ƙi lafawa, sai kumburi ya zauna, wani furotin mai suna tau ya cukurkuɗe a cikin jijiyoyin, mahaɗarsu ta fara tsinkewa. A 2013 aka gano wani canji a ƙwayar gado ta TREM2, wadda maikurogiliya ke aiki da ita, yana ninka haɗarin, kuma yawancin ƙwayoyin gadon da aka gano daga baya wajen garkuwar ƙwaƙwalwa da sarrafa kitse suke nuni.

Amiloid ɗin nan kuwa yana fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin mantuwa ta bayyana, kenan wanda ya ce sai ya tsufa zai kula ya makara. Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na masu ciwon, ciki har da hawan jini, ciwon suga, shan taba, yawan kolestarol, rashin motsa jiki, kaɗaici, da raunin ji. Wannan na ƙarshen ya fi taɓa ni, don kakata ta yi shekaru ba ta ji sosai, a hankali ta daina shiga hira tana zaune tana murmushi kawai, mu kuma ba wanda ya yi tunanin kai ta a duba mata kunne. Mahaifiyata dai an duba nata, kuma awon jini ba ta fashi.