Yadda na gyara matsalar man turaren da ya kasa korar sauro

Tun farkon damina nake shafa man bishiyar turare mai ƙamshin lemun tsami, wadda asalinta Ostireliya ne, amma kafin awa guda sauro ya dawo ƙafafuna. Na ƙara yawan shafawa, sai fatata ta soma zafi. Na gauraya shi da man kwakwa, bai canza komai ba.

Da na karanta jikin kwalbar sai na gane cewa tsantsar man ƙamshi na saya, wanda sinadarin PMD da ke korar sauro kaɗan ne a cikinsa. Wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta amince da shi tun 2005 tataccen mai ne da aka ƙara wa ƙarfin PMD, ana rubuta masa OLE.

Na sayi mai ɗauke da OLE kashi 30 cikin ɗari, na gwada a damtse na kwana ɗaya, sannan na riƙa fesawa a tafin hannu ina shafa wa ƙafa, hannu da wuya bayan magariba, ina kauce wa ido da baki. Yana kai ni lokacin shiga gidan sauro, alhamdulillahi. Ɗana mai shekara biyu ban shafa masa ba, domin ba a shafa wa yaron da bai kai shekara 3 ba.