Kurakuran da mutanenmu ke ta maimaitawa a ziyarar Masar

Kowace shekara mutanenmu na kwarara Alƙahira, wasu neman magani, wasu saro kaya, wasu duba 'ya'yansu da ke karatu a Azhar, kuma kusan kowa sai ya ware 'yan kwanaki don ya ga ƙasa. Na yi zaman karatu a can, na raka baƙi da yawa, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ramin da na bara ya faɗa, shi na bana ke faɗawa.

Mafi muni shi ne raina zafin kudancin Masar. Mutum zai ce maka: "Ni ɗan Sakkwato ne, wane zafi za a nuna mini?" To, a gida idan rana ta take kana ƙarƙashin darbejiya ko cikin zaure. A Kwarin Sarakuna, maƙabartar Fir'aunoni da ke Luksor, babu bishiya ko ɗaya, farin dutse ne hagu da dama yana maido maka da rana a fuska, kuma daga Yuni zuwa Agusta zafi kan haura digiri 40 kusan kullum. Wani kawuna ya zo aikin ido a watan Yuli, da ya samu sauƙi ya dage sai ya ga kaburburan Fir'aunoni. Na ce: "Kawu, a bari sai sanyi ya shigo." Ya ce shi da ya yi noma tun yana yaro ba za a tsorata shi da rana ba. Muka haɗa kuɗi ni da 'yan'uwana, tikitin jirgi, masauki, ɗan jagora. Kabari na biyu muka fito, na ga leɓensa ya bushe, zufa ta ɗauke, yana magana tana sarƙewa. A asibiti muka ƙare ranar ana yi masa ƙarin ruwa, haikalin Karnak da muka biya dominsa ko ƙofarsa bai gani ba. Kuɗin bai dame ni ba kamar tsoron da na sha a motar nan, ina riƙe da kan dattijo ina tunanin abin da zan faɗa wa iyalinsa. Tun daga nan ba na raka kowa kudu sai tsakanin Oktoba da Afrilu. Wanda dole ta sa ya je da zafi, ya fita da an sallame asuba, ƙarfe 10 ta same shi a ɗaki. Ni ina zuba ƙullin gishiri da sukari a jaka, kuma ba na jiran ƙishirwa kafin in sha ruwa.

Akasin haka ma na faruwa. A Janairu daren Alƙahira kan sauka ƙasa da digiri 10, gidajen kuma ba a gina su don sanyi ba. Ka taho da rigar sanyi ta gaske da safa.

Sai gaggawa. Mutum ya tsaya gaban dalar Giza, a ɗauke shi hoto, ya wuce kasuwa, ya dawo gida yana cewa ya ga Masar. Tsakanin Alƙahira da Luksor akwai fiye da kilomita 600, awa ɗaya a jirgin sama, kwana guda a jirgin ƙasa na dare. Abu Simbel, inda Ramsis na Biyu ya sa aka sassaƙa haikalinsa cikin dutse, yana kusan kilomita 280 kudu da Aswan, kuma tsakanin 1964 da 1968 aka yanka shi gunduwa-gunduwa aka ɗaga shi sama don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye shi. Ba a cusa irin waɗannan wurare cikin kwana biyu. Idan lokacinka kaɗan ne, ka tsaya a Alƙahira ka gan ta da kyau, kudu ta jira wata tafiyar.

Masu neman gawar Fir'auna kuma har yau gidan tarihi na dandalin Tahrir suke nufa. Tun Afrilun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, tsohon ɓangaren Alƙahira, kayan Fir'auna Tutankamun kuwa suna sabon babban gidan tarihi da ke kusa da Giza. Kuma don Allah a daina nuna gawa ɗaya a bidiyo ana rantsuwa cewa shi ne Fir'aunan Annabi Musa, alaihis salam. Wasu masana sun ce Ramsis na Biyu ne, wasu sun ce ɗansa Marnabtah, babu wanda ya yanke.

Yanzu ga wanda ke tayar mini da hankali, miƙa wuya ga duk wanda ya yi maka murmushi a bakin dala. Kai da ko yadi biyar ba ka saya a Kantin Kwari sai ka ja ciniki, me ya sa kana sauka Giza sai ka zama wani mutum daban? Mai raƙumi zai tare ka da sallama, ya tambayi ƙasarka, ya kira ka ɗan'uwa Musulmi, ya ce hoto kawai, kyauta. Kana hawa raƙumi ya miƙe, an ja ka can bayan tudun rairayi inda ba kowa, sannan a faɗa maka kuɗin sauka. Haka aka yi wa wata gwaggo da na raka, na juya sayen tikiti kenan, kafin in dawo tana can sama tana salati, ta ƙanƙame sirdi. Abin da na biya ranar ya ishe ni cefanen mako, kuma da fushi na biya, don ba zan tsaya jayayya ba alhali tsohuwa na rawar jiki a kan dabba. Ƙa'idata ita ce, ba na hawa komai, ba na karɓar komai a hannu, ko rawani ne aka ce kyauta, sai mun yanke farashi: nawa, da kuɗin Masar ko dalar Amurka, na mutum ɗaya ko na duka, har zuwa ina, kuma sai an sauke ni nake biya. "La, shukran", wato a'a na gode, sau ɗaya, ka ci gaba da tafiya, kada ka tsaya bayani. Wanda ya tare ka a hanya ya ce a rufe ƙofa take yau, bi ni ta nan, kada ka bi shi. Wannan ba zagin Misirawa ba ne, na ci abinci a gidajensu, na ga karamci. 'Yan tsirarun da ke farautar baƙo nake nufi.

Shiga cikin dalar Fir'auna Kufu, babbar dalar Giza, tikitinsa daban, kuma ta wani siririn lungu ake hawa a sunkuye, cikin zafi da ƙarancin iska, a ƙarshe ka tarar da ɗaki da akwatin dutse babu komai a ciki. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya haƙura.

Abin kunya kuwa shi ne mu da muke da alaƙa da birnin Alƙahira mu ne ba mu san shi ba. Bature na yawo da littafi a masallacin Ibn Ɗulun da aka kammala a 879 miladiyya, namu yana kanti yana zaɓen jallabiya. Masallacin Amru bin As, na farko a Masar, yana nan a Fusɗaɗ. Azhar tun 972 ake salla a cikinta. Imam Shafi'i a nan yake kwance, haka Imam Suyuɗi, wanda ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Malaminmu Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, a Alƙahira ya rasu a 1741. Ka ware wa wannan ɓangaren yini guda cur, a ƙafa, daga ƙofar Futuh ka bi titin Mu'izz.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata tafiya. Kada ka ɗauki hoton soja, ɗan sanda ko shingen bincike. Katin rigakafin cutar shawara ya kasance tare da fasfo. Magunguna irin su tiramadol na iya kai mutum kurkuku, don haka duk maganin da ka ɗauko ka haɗa da takardar likita. Manyan wuraren tarihi da yawa da katin banki ake biyan tikiti yanzu, ka gwada naka kafin ka fita. Ruwan gora za ka sha. Ka riƙe canji don bakshish, wato ɗan tukuici, ana sa ran sa ko a banɗaki. Mota kuwa ni ta manhajar waya nake kira, don in ga kuɗin tun kafin in shiga, mata kuma akwai taragonsu na daban a jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Wanda ya yi niyyar hawa Dutsen Ɗuri Sinina, ya sani tsayinsa mita 2,285 ne, da tsakar dare ake fara hawa don a riski fitowar rana a sama, kuma sanyin ƙolin ko da bazara sai da bargo. Takalmin ƙafa ciki za ka sa, silifa ba za ta kai ka ba.